Tsatsa ta ci min Mustang ƙirar 1967: in yanke duka in walda sabbin fanel?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Ohayo ta Amurka, na sayi tsohuwar Ford Mustang ƙirar 1967. Daɓenta ya ruɓe a wajen ƙafar direba da ta fasinja, kwata biyun baya kuma, wato fanel ɗin gefen bodi daga ƙofa zuwa fitilar baya, sun huje a saman taya. Na koyi aikin fanel bita tun a gida, da waldar gas na saba. Na riga na yi odar sabon daɓe da kwata biyu. In yanke ruɓaɓɓen duka lokaci ɗaya in huta? Da wace walda zan yi aiki, kuma in ɗora sabon ƙarfe a kan tsoho ne ko in haɗa su baki da baki?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sanya alheri a cinikin. Tambayarka ta farko amsarta gajeriya ce: kada ka yanke duka lokaci ɗaya. Ka ma ajiye injin yankan tukuna, ka bar fanel ɗin da ka saya a cikin kwalayensu, domin akwai aiki mai yawa a gabanka kafin wuta ta taɓa motar nan.

Mustang ba ta da shasi daban irin na a-kori-kura, ko irin na motocin Chevelle da GTO na zamaninta, waɗanda ake kwance noti a ɗaga bodi a bar shasi a ƙasa. A kan tsarin motarsa Falcon kamfanin Ford ya gina ta, bodi da shasi abu ɗaya ne. Daɓe, dokin ƙofa (dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofa), gidan taya, kwata da rufi, kowanne yana riƙe da ɗan'uwansa. Kamar kwali ne: muddin ɓangarorinsa shida na nan sai yaro ya zauna a kai, amma yanke biyu ka ga yadda zai langaɓe. In ka cire daɓe da kwata biyu rana ɗaya, motar za ta sauka ta murɗe da 'yan milimitoci da ido ba zai kama ba, kai kuma ka walda sabon ƙarfe a kan wannan murɗiyar. Ba za ka sani ba sai ranar da ka zo rataya ƙofa ta ƙi shiga, ko gilashin baya ya ƙi zama, a lokacin kuwa gyaran ya koma a sake yanke duk abin da aka haɗa.

Kafin ma a kai ga nan, ka tambayi kanka daga ina ruwan da ya ci daɓen ya fito. Mutane suna ganin motar Ohayo ko Mishigan sai su ce gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ne, kuma lallai gishirin yana da nasa kason. Amma a Mustang ta 1965 zuwa 1968, in daɓen gaba ya ruɓe, sau da yawa daga sama ruwan ya sauko. Akwai wani akwatin iska a gindin gilashin gaba, a ƙarƙashin 'yan tsage-tsagen nan da ke tsakanin bonet da gilashi, wanda makanikan nan ke kira kawul. A waɗannan shekarun murfinsa a walde yake, ba ya buɗuwa, cikinsa kuma bai samu fentin kirki ba tun daga masana'anta. Ganye da ƙasa suna shiga ta tsagen su toshe mafitar ruwa da ke bayan fenda, ruwa ya kwanta, ya ci gindin bututun iska biyu da ke cikin akwatin, ya riƙa ɗiga kan kafet. Gwajin ba ya buƙatar kayan aiki. Ka cire kafet, ka kwanta da tocila a ƙarƙashin dashbod, wani ya zuba bokitin ruwa a tsagen. In ka ga ɗigo, to kawul ya shiga lissafi: a cire gilashi da fenda biyu, a huda ɗigon walda fiye da ɗari. Aiki ne mai gundura, amma sabon daɓe a ƙarƙashin ruɓaɓɓen kawul kitso ne da ƙwarƙwata.

Daga nan ka tuɓe motar gaba ɗaya ka bi ta da tsinin sukudireba, kana caka da ƙarfi. Ka duba sandunan shasi na gaba da na baya, musamman inda sifirin ɗin baya yake kamawa. Ka duba ƙarfen da ke ƙarƙashin batir, ruwan batir yakan cinye shi. Ka duba hasumiyar shokozoba ko ta tsage, da aljihunan but da ke bayan tayoyin baya, da bakin ramin gilashin baya. Akwai kuma akwatin haɗi da ke ƙulla sandar shasin gaba da dokin ƙofa. A ƙirar 1967 mai rufin ƙarfe ɓangaren direba kaɗai aka sa wa, sai a 1968 aka sa duka biyu, shi ya sa masu gyara da yawa suke ƙara na fasinja tunda an riga an buɗe wurin. In za ka kai a yi mata feshin yashi don a ga gaskiyar ƙarfen, ka ja kunnen mai yin kada ya taɓa rufi da bonet da fatar ƙofa da iska mai ƙarfi, yana lanƙwasa su. Kai ma kada ka yi a gida da yashin gini, ƙurarsa tana lalata huhu.

Bayan wannan binciken ne za ka zauna da biro ka ga ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. In sandunan shasi huɗu, dokin ƙofa biyu, kawul da daɓe duk sun tafi, ba gyara kake yi ba, sabuwar mota kake ƙerawa a kewayen rufi. Kamfanin Dynacorn yana sayar da cikakken sabon bodi na wasu ƙirar Mustang da izinin Ford, wasu kuma suna nemo bodi mai lafiya daga busassun jihohi irin Arizona. Sai dai a nan akwai maganar takarda. Lambar shasin ƙirar 1967 an buga ta ne a saman ƙarfen da ke cikin fendar hagu, kuma dokar tarayyar Amurka ta haramta cire lambar shasin mota ko sauya ta yadda mutum ya ga dama. In ƙarfen da ke ɗauke da lambar yana cikin waɗanda suka ruɓe, ka fara zuwa ofishin rajistar motoci na jiharka kafin ka sa masa abin yanka. Ka kuma adana ɗan farantin da ke jikin ƙofar direba.

To, mu ce motar ta cancanci gyara. Abu na farko a cire tankin mai. A wannan motar saman tankin shi ne daɓen but, tartsatsin waldar kwata kai tsaye kansa zai sauka. A fitar da shi daga garejin baki ɗaya, har da bututun mai. Sannan ka ɗora motar a kan turakun ƙarfe, a ƙasa mai lebur, ka daidaita ta da ma'aunin magina gaba da baya, hagu da dama. Tsakanin tayar gaba da ta baya inci 108 ne, kuma littafin gyara na Ford na wannan shekarar yana da zanen ma'aunin ƙarƙashin mota. Ka saki igiya mai nauyi daga ramuka masu kama da juna a hagu da dama, ka yi alama a siminti, ka auna a gicciye. In layukan biyu ba su zo daidai ba, motar ta taɓa cin karo ko ta riga ta sauka, sai an ja ta ta miƙe kafin komai.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe a duk wannan amsar. Ƙofa ita ce ma'auninka. Kafin ka yanke tsohuwar kwata, ka sauya fil da bushin na hinjin ƙofa, ka daidaita ƙofar da tsohuwar kwatar da dokin ƙofa har sai layin bodi ya bi ta cikinsu a miƙe, tazara kuma ta zo wajen milimita 4 zuwa 5 daga sama har ƙasa. In ka cire gilashin ƙofar da injin ɗaga shi, ka sa wani nauyi a cikin ƙofar a madadinsu, in ba haka ba za ta sauka ranar da ka mayar da su. Da zarar ta zauna, kada ka sake taɓa notin hinjin. Tsohuwar kwatar, duk ruɓewarta, ita ce ta san inda Ford ya ajiye ta. Ka kwafe wannan sanin a jikin ƙofa, ita kuma ƙofar ta nuna wa sabuwar kwata wurin zamanta. Sannan ka ɗinke ramin ƙofofin daga ciki da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, na inci 1, ɗaya a kwance ɗaya a gicciye, ka ƙara wani daga hagu zuwa dama, ta yadda ƙofa za ta iya rufuwa da su a wurin.

Ana yin aikin daga ƙashi zuwa fata: sandunan shasi da akwatin haɗi, dokin ƙofa, daɓe, kawul, gidan taya, sai kwata a ƙarshe. Ɓangare ɗaya a lokaci ɗaya. Ka gama hagu, dama tana tsaye kana leƙawa kana aunawa.

Game da fanel ɗin da ka saya, kada ranka ya ɓaci in ka ga ba su zauna ba. Yawancinsu a Taiwan ake buga su, kuma ko masu kyaun cikinsu sai an rage nan, an buɗe lanƙwasa can, wani lokaci a tsaga kusurwa a sake haɗewa. Su ma motocin ba a yi su da tazara irin ta motar yau ba. Saboda haka sabon fanel ne zai gaya maka inda za ka yanke tsoho. Ka yanke tsohon da saura, ka ɗora sabon, ka kama shi da filayar kulle da ƙananan sukurori, ka rufe ƙofa, ka ɗora murfin but, ka gwada fanel ɗin fitilun baya da bamba, har da ƙarfen adon gilashi. Za ka ɗora ka sauke har ka gaji. Sai komai ya zauna a lokaci guda sannan a kunna injin walda. Baƙin fentin da suke zuwa da shi kuma ka goga masa tina a tsumma. In bai fita ba mai kyau ne, a goge shi sama-sama a yi fenti a kai. In ya biyo tsumman, a kankare shi duka.

Sai maganar walda. Hannun da ya saba da gas ba abin rainawa ba ne. Waldar gas da sandar ƙarfe mai laushi tana ba da ɗinkin da guduma ke iya bajewa, kuma da ita magabata suka yi bodin da har yau ake kallo. Matsalarta zafinta yana yaɗuwa da faɗi, a kan doguwar kwata mai shimfiɗa kuwa wannan wahala ce. Abin da zan hana ka kai tsaye shi ne cika haɗi da tagulla kamar yadda aka saba a garejojinmu na gida. Tagulla manne ƙarfe take yi, ba ta narkar da shi ya zama ɗaya, garin da ake sa mata yana tayar da fenti daga baya, kuma duk inda ta taɓa, walda ba za ta ƙara kamawa da kyau ba sai an kankare ta tas. Waldar lantarki ta sanda kuma huda za ta yi ta yi, domin fatar motar nan kaurinta tsakanin milimita 0.9 ne zuwa 1.2.

Ka nemi ƙaramin injin MIG, wato injin waldar lantarki mai turo waya da kansa, gas kuma yana kare narkakken ƙarfen daga iska. Mai amfiya 140 da ke aiki da soket ɗin gida na bolt 120 ya ishe ka. Ka sa masa waya mai kaurin milimita 0.6, irin ER70S-6, da tukunyar gas mai kashi 75 argon kashi 25 kabon dayoksaid. Wayar nan da ake cewa ba ta buƙatar gas ka bar wa masu ƙera ƙyauren gida, ta yi wa wannan aikin zafi da datti. Waldar TIG, wadda ake riƙe bakin wutar lantarki a hannu ɗaya da sandar ciko a ɗayan, ta fi tsabta da laushi, kuma wanda ya iya gas yakan koye ta da wuri tunda hannu biyun iri ɗaya ne, amma tana son ƙarfe mai tsabta ƙal da haɗin da babu tazara, abin da ba kullum ake samu a ƙarƙashin motar da ta haura shekara hamsin ba.

Ɗori ko baki da baki? Duka biyun, kowanne a wurinsa. Duk inda masana'anta ta ɗora leɓe a kan leɓe ta ɗiga walda, kai ma haka za ka yi. Ka huda tsoffin ɗigon da abin huda na musamman da ke yanke na sama ya bar na ƙasa, ka miƙe leɓen, ka goge shi. A sabon fanel ka huda ramuka na milimita 8, yawansu da tazararsu kamar na asali. Ka fesa firaima (fentin ƙasa) mai tutiya da ake iya walda a kanta a tsakanin leɓunan, amma ka kankare ta daga gindin kowane rami, domin tana sa walda tofi. Ka matse ƙarfen biyu har ba hasken da ke ratsawa. Ka fara wutar a tsakiyar ramin, a kan ƙarfen ƙasa, sai ya narke sannan ka zagayo ka cika. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bi bakin ramin a rufe shi, sama ta yi kyau, ƙasa ba ta kama komai ba. Kafin ka taɓa mota ka gwada a guntaye biyu, ka sa a bais, wato abin matse ƙarfe na kan teburi, ka ɓanɓare. In waldar ta yi, ƙarfen ne zai yage ya bar rami, ɗigon yana nan a manne.

Amma a tsakiyar fata, inda ido ke gani kuma babu haɗi tun asali, baki da baki kawai. Ɗori a nan yana barin aljihu a baya inda danshi zai kwanta, kuma wurin ya ninka kauri, rana in ta buga sai layin ya fito a cikin fenti ko da an shafe shi da fila, wato ƙullun da ake cike lotsawar bodi da shi. Guduma ma ba ta iya gyara ƙarfe mai ninki biyu.

A wannan haɗin ne ake gane gwani, kuma sirrin abu ɗaya ne: walda tsukewa take yi. In ka ɗiga wuta, wurin yana son ya buɗe, ƙarfen da ke kewaye mai sanyi ya hana shi, sai ya cushe a kansa ya ƙara kauri. Da ya huce sai ya koma ya fi da gajarta, ya jawo maƙwabtansa. Igiyar ruwan da kake gani a tsakiyar kwata, taƙi guda daga ɗinkin, ba a can ciwon yake ba. Yana cikin siririn layin nan mai launin shuɗi da ke bin waldar. In ka bi kumburin da guduma ka ƙara ɓata fanel ɗin. Abin yi shi ne ka sa doli, wato dunƙulen ƙarfen da ake tokare fanel da shi, a bayan ɗigon, ka buga guduma daidai kansa har ka ji ƙarar ƙarfe kan ƙarfe, ka buɗe abin da ya tsuke, sai ka ga kumburin can ya kwanta da kansa. Wannan ne ya sa tun wajen zaɓen inda za ka yanka, ka zaɓi inda hannunka zai kai ta baya, kusa da layin bodi da kamar inci 1 inda lanƙwasa ke ba ƙarfe ƙarfi. Faci kuma a yi masa kusurwa mai zagaye, kusurwa mai tsini tana tara zafi wuri ɗaya.

Da MIG ba a jan dogon layi a fata. Tazarar bakin biyu kada ta wuce kaurin wayar. Ka ɗiga ɗaya, ka tsallake wajen taƙi guda ka ɗiga wani, har ƙarshe. Ka bari ya huce har ka iya ɗora tafin hannu, ka rage kan ɗigon da gefen faifan yanka, ka buga da guduma da doli, ka shafa ka ji ko bakin biyu suna nan daidai. Sannan ka sake zagaye, kowane sabon ɗigo ya hau rabin na baya. Ka sa wutar ta fi yadda kake zato ƙarfi, taɓawar ta zama gajeriya. Ɗigo mai sanyi tsayawa yake a sama kamar ƙurji, in ka goge shi babu abin da ya rage. Ka leƙa baya, dole ka ga ya ratso. Ni ba na son jiƙaƙƙen tsumma wajen sanyayawa, jira ya fi. In rami ya ɓulle, ka tokare bayansa da guntun jan ƙarfe ka cika, walda ba ta kama shi. Wajen gogewa ma a yi hankali, garanda tana zafafa fanel kamar wuta, tana kuma cin ƙarfen gefe har ya koma takarda. Kan waldar kaɗai ake ci. In an gama, ka kashe fitilar gareji ka sa tocila a baya, duk ƙaramar ƙofar da haske ya fito a cike ta.

Ba ka faɗi ko cikakkiyar kwata ka saya ko fata kawai ba. In hujin a bakin taya ne da ƙasan baya kawai, sauran kuma lafiya, ni faci zan yanko daga sabon in bar ƙarfen Ford a wurinsa, ya fi kowane sabo zama daidai. In ruɓar ta yi yawa ko an taɓa cika ta da fila, cikakkiyar kwata ta fi fata sauƙi duk da ta fi tsada, domin kusan duk haɗinta a leɓunan asali yake, ba ka da dogon ɗinki na baki da baki daga ƙofa har fitila. Inda take haɗuwa da rufi, masana'anta da dalma ta shafe wurin. Kada ka sa mata garanda, ƙurar guba ce. Ka ɗumama da wutar gas kaɗan kaɗan, ka share da burushin waya tana zuba a kan wani faranti, da abin rufe hanci na ƙwarai, ƙofar gareji a buɗe. Kuma kusan kullum in aka buɗe kwata sai a tarar leɓen gidan taya na waje ya tafi, gara ka yi odarsa tun yanzu.

Abu biyu na tsaro da ba a cika faɗa ba. Kada ka wanke inda za ka walda da feshin wanke birki mai sinadarin kulorin, in wutar walda ta taɓa shi yana fitar da iskar fosjin mai kisa. Asiton ya isa, shi ma a bari ya bushe a kuma nisanta gwangwanin. Na biyu, tsohon kwalta da ke ƙarƙashin mota da cikin kwata yana cin wuta a ɓoye. Ka kankare shi nesa da inda za ka yi aiki, ka ajiye abin kashe gobara kusa, kuma kada ka kulle gareji ka shiga gida sai ka yi kamar rabin awa kana sansanawa. Gilashin da bai fita ba a rufe shi, tartsatsin garanda yana nutsewa a cikinsa.

In ƙarfe ya gama, firaimar efoksi ce ta farko, ciki da waje, a kan ƙarfe mai tsabta. Da yake a Ohayo kake, ka kula da sanyi: efoksi ba ya kamawa a ƙarfe mai sanyi, ka karanta ma'aunin da ke jikin gwangwani, kuma zafin ƙarfen ake nufi, ba na iskar ɗakin ba. Bayansa a bi duk leɓuna da sila, wato mannen da ke toshe haɗi don kada ruwa ya shiga. Fila ta zo a kai shafe-shafe, in ta wuce milimita 3 ƙarfen ne bai gama gyaruwa ba, a koma wa guduma. Bayan an yi fenti, ka sa dogon bututu ka fesa kakin hana tsatsa a cikin dokin ƙofa, sandunan shasi, cikin kawul da bayan bakin taya, domin duk inda ka ɗiga walda fentin bayansa ya ƙone. Sai ka bi ramukan fitar ruwa na ƙasan ƙofa da dokin ƙofa da gefen kawul da 'yar waya, ka tabbata sila ko kakin bai toshe ko ɗaya ba.